Baƙin Da Aka Mayar Mini

Ba na jin akwai ranar da zan manta da shekarar da na fara ba da hayar ɗakuna a Yauri. Gidan gadonmu ne na gyara don baƙin Rigata, bikin wasannin ruwa na shekara-shekara, yayana kuwa ya gindaya mini sharaɗi: idan baƙi ba su shiga ba, sayar da gidan za a yi.

Na shiga harkar da ƙafar dama a tunanina, ashe yaƙi na tarar. Masu ɗakunan layinmu kowa sai karya farashi yake yi, har kuɗin ɗaki ya daina sayen man janareta. 'Yan acaɓa kuma suna kwashe baƙi zuwa inda ake ba su na goro. Mutum ɗaya ce abin bai dama ba, wata dattijuwa, tsohuwar mai bandar kifi, wadda gidanta ke kallon ruwa.

Ana gobe biki ɗakunana wayam. Da rana wasu iyali daga Kontagora suka zo, muna cikin ciniki ɗan acaɓa ya raɗa wa maigidan wani abu, suka wuce gidan dattijuwar. Wallahi har ƙwalla na yi.

Ba a jima ba sai ga ta tafe, baƙin na biye da ita da jakunkunansu.

"Ɗana, ga baƙinka," ta ce. "Mu can bakin ruwa, in mai saye shina tsaye gaban tiren wata, ba mu kiran shi."

Maigidan ya ɓata rai, ya ce shi ruwa yake son gani.

"Ku kwana nan, Alhaji. Gobe ku taho barandata ku yi kallo, ba ni amsar ko sisi."

Na ce, "Inna, ai ke ma kina da ɗakin da ba kowa."

"In ka faɗi bana, baɗi wa za ya ɗauki baƙin da sunka yi mini yawa?"

Kafin la'asar labari ya zagaye layi. Kunya ta sa mu masu ɗakuna muka taru a ƙofar gidanta, muka tsayar da farashin da ba a sauka ƙasa da shi, da wanda ba a wuce shi don tatsar baƙo. Gasa ta koma kan tsafta da ruwan wanka. Gidanmu bai shiga kasuwa ba.

Daga ranar na gane cewa maƙwabcin da kake gasa da shi, tsayuwarsa tana cikin ribarka.