Inna Direba Ta Hana Ƙarin Lodi

A bakin shagon siminti nake tsaye, ina kallon wata mata da 'yan dako ke kira Inna Direba. Gajeriya ce kakkaura, ta ɗaure mayafinta tamau a ƙugu. A-kori-kurarta na janye da ƙaramar tirela, duka biyun shaƙe da buhuna.

Tana zagaya motar da ɗingishi, tana duban yadda bayan ya zauna, tayoyin sun baje. Ban san inda ta samo ɗingishin ba, amma ina zaton tsarabar wani gangare ne, ranar da ta ji kunyar wani mai kaya.

Yau kam babu kunya. Ta zauna daram kan ƙarfen da ya haɗa motar da tirelar.

"Inna, kaɗan ya rage," in ji mai kayan. "Injin nan zai ja."

"Ja ba wuya, ɗana. A gangare wa zai tsayar da mu, birkina ko bakinka?"

"Sai in nemi wani direban!"

"Nemo. Ku sauke masa kayansa."

Mai kayan na ta kumfar baki, 'yan dako kuwa ita suke kallo. Ko gezau ba ta yi ba.