Wutar da ta Hana Ni Ciniki

Shekarun da Nasara suka fara sa mutane aikin hanya a bayan ganuwa, ni tuwo nake sayarwa a zauren gidan surukina, kusa da Ƙofar Taramniya. Mijina ya rasu ya bar ni da 'ya'ya mata biyu, kuma tun da na fita takaba tukunyar nan ce ta riƙe mu. Zauren duhu gare shi kamar cikin rumbu. Mutum zai shigo ya karɓi akushi, ya juya fuska bango, ya cika cikinsa, ya fita yana gyara hula kamar gaisuwa ya zo yi. Ban taɓa tambayar kaina me suke so a duhun nan ba. Ni dai miyata nake yabo.

Da damina ta ja baya sai azara ta karye, rufin zauren ya rufta. Allah ya kiyaye, ba kowa a ciki. Surukina ya ce gyara sai bazara. Na kwashe murhu da tabarmi na koma gindin ceɗiyar ƙofar gida, ban gama sabawa da wurin ba ɗari ya sauko. Mutumin Sakkwato kuwa, ka ba shi rana komai zafinta zai shanye, amma sanyi kaɗan sai ka gan shi ƙudundune cikin gwado kamar mai jinya. Masu cin ɗumamen safe suka ɗauke ƙafa. Ina kallonsu suna wucewa da hannu a hammata, wasu ko sallama ba sa yi.

Wata safiya uwar mijina ta same ni ina kankare tukunya, ta tsuguna ta ce, "Mai gida ya ce in hwaɗa miki, in sana'ag ga ba ta yi, ki koma ƙauye wurin yayanki. Ɗiyan su zamna nan, gidan ubansu na." Ba da mugunta ta faɗa ba, ita ma idonta ya kawo ruwa. Amma ni na san in na fita daga gidan nan, ganin yaran sai da salla.

Na ce to, sanyi ne ya kore su, wuta za ta dawo da su. Na ba wani mai itace tuwo ya gungurar mini da gungumen ƙirya, na hura wutar da ana hango ta daga bakin ƙofar gari. Kai, wuta ta yi kira! Leburori, 'yan dako, masu jakai, tsofaffin da suka fito masallaci, duk suka kewaye ta suna miƙa tafin hannu. Hira ta ɓarke. Wannan ya ce Nasara da ƙarfe yake cin abinci, wancan ya rantse ya gan shi yana wanka da asuba cikin wannan ɗari. Kowa ya ji ɗumi ya tashi, tuwona yana nan yadda na tuƙa shi. Haka gobe, haka jibi. Takaici ya sa har na ce musu, "Wai wutag ga ta gado ta?" Suka yi dariya suka ƙara matsowa.

Wani magini da ya daɗe yana cin tuwona ne ya buɗe mini ido. Ya zo da yunwarsa, har na zuba na miƙa masa. Ya ɗaga kai ya dubi ƙetaren wuta, sai ya janye hannu kamar akushin ya ƙone shi, ya durƙusa yana gaida wani dattijo. Da ya tashi na bi shi bayan ceɗiya na ce, "Kai, mi ya hwaru? Miyat ta lalace?"

Ya ce, "Haba Inna, uban matata na can zamne. In buɗe baki in sa loma gabanai?"

Na dawo na tsaya ina duban masu jin ɗumi ɗaya bayan ɗaya. Wannan yana auren 'yar wancan, wancan kawun matar wannan ne, ga mai neman aure ga waliyyin yarinyar. A unguwarmu in ka tara maza a da'ira, to ka tara surukai. Ashe ni na sayi itace na haska kowa ga surukinsa.

Ranar na bar gungumen ya ci kansa. Na ari zana a maƙwabta, na kakkafa su a gindin ceɗiya, lungu-lungu, kowanne bayansa ga iska, bayansa ga ɗan'uwansa. Na tattaro kasaken fasassun tukwane. Duk wanda ya karɓi akushi sai in ɗebo garwashi daga murhu in zuba masa a kasko, ya shige lungunsa ya ajiye tsakanin ƙafafu. Wanda bai ci ba kuwa, ga rana nan tana fitowa, ya jira ta.

Washegari maginin ne ya fara shiga. Can sai ga dattijon nan da sandarsa, ya yi ta dube-dube, ya karɓi nasa ya faɗa lungun da ke manne da na surukinsa. Zana kaɗai ke tsakaninsu. Dattijo ya yi tari, na ga magini ya tsaya da loma a hannu. Ya saurara, ya ji tsohon yana siɗar yatsa, sai ya ɗaga mini akushi ta saman kai alamar ƙari. Dariya ta kusa sa ni kifar da miya.

Kafin hantsi tukunya ta yi ƙaf. Uwar mijina ta fito da kwanon mai gida, na nuna mata gindin tukunya. Ta ce, "To mi za ni ce mishi?" Na ce, "Ki ce mishi ya ƙare." Ta rufe baki da mayafi ta koma tana girgiza kafaɗa don dariya.

Da la'asar na tarar da babbar 'yata ta sa kan ƙanwarta a cinya tana fama da kitso, yadda na yi ta koya mata a ɓoye saboda ranar da ba ni nan. Na karɓi tsinken daga hannunta na ce ta je ta yi wasa, ni zan yi.