Mai Askin Iska a Jirgin Alexandria

Tun da jirgi ya bar tashar King Street Sirajo yake kallon dattijon nan ta wutsiyar ido. Gajere ne, sanye da shuɗiyar rigar masu jinya, kansa ƙwal kamar ƙwai, amma sai taje shi yake da matajin da babu. "Ich kämme mich," yake cewa ƙasa-ƙasa. Ya shafa haɓa kamar mai aski, "Ich rasiere mich."

Sirajo dai bai yarda ba. A garin nan da bango ma yake da kunne, baƙar fata yana Jamusanci shi kaɗai? Ko ɗan leƙen asiri ne, ko sanyin Amirka ya taɓa masa kai.

Jirgi ya yi girgiza, dattijo ya ce, "Wayyo bayana!"

Ashe na gida ne.

"Baba, lafiya? Aski a jirgi?"

"Ɗana, tsohon da nake jinya ne ya manta Turanci, sai yaren uwarsa, Jamusanci, shi nake koyo don in riƙa gaya masa abin da zan yi. In na matso da reza ihu yake, wai yanka shi zan yi. 'Yarsa ta ce in bai sake da ni ba, wani za su ɗauka."

Sirajo ya miƙa haɓarsa.

"Gwada a kaina, Baba. Amma fara nuna mini hannunka, in ga babu rezar."