Kunyar Kulu Mai Daddawa

A Bungudu, in baƙo ya tambayi gidan Kulu, ba wanda ke wahalar da bakinsa da kwatance. Cewa ake yi ya bi hancinsa. Daddawa take yi tun tana budurwa har haƙoranta suka fara yi mata sallama, kuma ranar da ta buɗe kalwar da ta rufe, ko limamin unguwa gajarta gaisuwa yake yi in ya zo wucewa. Gajeruwa ce, baƙa, mai saurin tafiya kamar kullum an aike ta. Ga kunya irin ta mutanen da, wadda tsofaffi ke nuna wa 'yan mata su ce, "Ku dubi Kulu ku koya." To, wannan kunyar da ake yabo ita ce ta ci mata ɗiya.

Mijinta Bawa manomi ne, daga wani gida da Allah ya yi wa baiwar kunnuwa. Kowane ɗa aka haifa a gidan, kunnuwan ke fara fitowa su duba gari. 'Yarsu ta fari, Hanatu, ita ma ba a rage mata komai ba. Ka dai san al'ada: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane. Kulu ta ɗauki abin ta kai shi inda masu al'adar ma ba su kai ba. Hanatu za ta faɗi a gabanta ta fasa baki, sai dai Kulu ta dubi rufin ɗaki ta ce, "Wani ya ɗauke waccan." Tun daga yaye yarinyar tana ɗakin kakarta, uwar Bawa.

Sai babbar yunwar nan ta zo, kamar shekara goma bayan zuwan Nasara. Ruwa ya ɗauke, gero ya bushe a tsaye, mutane suka koma tonon gidan tururuwa suna neman tsaba. Kakar ta rasu. Bawa ya yi kudu neman abinci, labarin mutuwarsa kawai ya dawo. Aka bar Kulu da ƙananan yara maza biyu, da Hanatu wadda ba ta wuce tara ko goma ba.

A cikin wannan hali wata 'yar koli ta shigo gari, sunanta Tambaya. Kwalli take sayarwa da allura da tsakiyar ado. Fara ce, ga ƙiba, a shekarar da ƙiba ta zama abin kallo. Tasbaha ba ta barin hannunta. Ta ce ita mutuniyar Tsafe ce, rumbunsu da sauran hatsi, amma Allah bai ba ta haihuwa ba. Ta ga Hanatu a bakin rijiya ta ce tana son a ba ta riƙo. Riƙo kuwa ba baƙon abu ba ne, kowane gida akwai ɗan wani. Kasuwar bayi kuma Nasara sun rufe ta, mutane suna ganin an gama da wannan zance. Ba wanda ya kawo wa ransa cewa kasuwar tashi ta yi daga fili ta koma cikin ɗaki.

Maganar ta je wurin Dogo, ƙanen Bawa, mai fatauci da jakai, don shi ne uba yanzu. Tsakaninsa da Kulu akwai wasan ƙanen miji, amma ran nan ba wasa ya kawo shi ba. Ya tsaya bakin ƙofa ya ce, "Kulu, kin ji abin da matar nan ta zo da shi. Mi kika gani?"

Wallahi tambayoyi sun cika bakin Kulu. Wace unguwa a Tsafe? Gidan wa? Waye mijinta? Wa ya san ta? Amma akwai mata a tsakar gida suna saurare. Sai ta juya fuska ta ce, "Ina ruwana? Ɗiyarku ce."

Shi ke nan fa. Tambaya ta ajiye ƙwaryar gero ta ce a dama wa yara kunu. Da safe ta kama hannun Hanatu suka fita. Kulu ba ta yi rakiya ba, ko leƙowa ba ta yi ba, tana ɗaki ta cusa zane a baki. Tsofaffi suka ce kai, ba a taɓa ganin mace mai kunya irin wannan ba.

Yunwa ta wuce, ɗorawa ta yi 'ya'ya, Kulu ta koma kan tukunyarta. Dogo na kai kaya kasuwar Tsafe. Duk ya dawo, sai Kulu ta sami dalilin wucewa ta gabansa.

"Dogo, ya mutanen Tsafe?"

"Lafiyarsu lau, matata. Sun ce ki rage warin nan, yana kai musu."

Ba Tsafe take tambaya ba, kuma ya sani. Abin da ita ba ta sani ba shi ne, Dogo ya nemi gidan Tambaya tun zuwansa na farko, ba wanda ya san wata mai wannan suna da gida a garin. Amma da wane baki zai faɗa, shi da ya ba da yarinyar? Ya ce a ransa in uwar ta tambaya ƙarara zai gaya mata. Ita kuma tana jira ya faɗa don kansa. Haka suka yi ta gaisawa, jama'a, shekara goma sha wani abu, kullum mutanen Tsafe lafiyarsu lau.

Sai aikin hanyar jirgin ƙasa ya doso Gusau. Leburori suka cika bayan gari da bukkoki, kowa da bakinsa, kowane baki na son miya. Kulu ta ɗora daddawa a jakin Dogo suka tafi. Aka nuna mata wani gida kusa da bukkokin, aka ce matan ciki na dafa abincin sayarwa. Tana shiga ta gane ba tuwo kaɗai ke kawo maza gidan ba. Matan zaman kansu ne. Ta yi niyyar juyawa, sai idonta ya faɗa kan wata da ke zaune bisa turmi, haƙora ja wur da goro da furen taba, tana zolayar wani lebura. Ɗankwalinta ya zame baya. Kunnuwan gidan su Bawa ne, ba ko tantama.

Matar ta ce, "Mai daddawa, daga ina?"

"Bungudu."

"Bungudu! Garin da ake sai da ɗiya a kan ƙwaryar gero?" Ta sauko daga turmin. "Kulu, ba ki gane ni ba, ko kunyar ce har yanzu?"

Kulu ta saki ƙwaryar da ke hannunta. Ta zauna daɓas a ƙasa, daddawa ta watse, kaji suka yo kai.

Hanatu ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi tayar da hankali ke nan. Ta ce ba ta taɓa shiga cikin garin Tsafe ba. Wani ƙauye Tambaya ta kai ta a bayan duwatsu, inda ta tarar da wasu yara mata a kulle. Aka koya musu in an gamu da dogarai a hanya su riƙa ce wa Tambaya Inna. Daga nan aka miƙa ta ga wani, ta yi masa daka da ɗiban ruwa. Shi ma ya miƙa ta ga wani. Da ta girma wannan ya sa ta ɗaki. Da ya mutu magada suka ce ai Nasara sun hana bauta, ke 'ya ce, kama hanya.

"Hanyar ina? Tambaya ta ce mini kin karɓi kuɗina a ƙwarya, kin dama kunu. Ban yarda ba. Na ce za a zo nemana. Na yi ta duban hanya har na gaji." Ta tofar da goro. "Kin tuna Lami ɗiyar maƙeri? Da Nana ta gidan marina? Da Fatsuma ta bakin gulbi? Duk can na gan su. Kin san abin da ya haɗa mu? Dukanmu 'ya'yan fari ne. Zaɓa take yi. Da kunnen nan nawa na ji tana gaya wa mai gidan da aka kulle mu, tana dariya, wai uwar ɗiyar fari ba ta biyo sawu, ko za ta mutu."

Innalillahi! Ashe abin da Kulu ta ɗauka mutunci ne, wata ta zauna ta auna shi, ta mai da shi jari. Daga ƙarshe Kulu ta dubi bangon zana ta ce, "A tashi a tafi gida."

Hanatu ta waiga ta dubi zanar ita ma. "Da wa kike? Da zana? Zana, an ce ki tashi ki tafi gida." Ta koma kan turminta. "Ni dai ban ji an kira kowa ba."

Kulu ta fito daga gidan. Ta iske Dogo a kasuwa yana ba jakai ƙaiƙayi. Ya fara, "Matata, ina kuɗin..." sai ya ga fuskarta ya haɗiye sauran.

"Dogo, mutanen Tsafe suna gaishe ka."

Ya fahimta. Ƙaton mutum, ya durƙusa tsakanin jakai yana kuka.

Kulu ba ta koma Bungudu ba, ta zauna a Gusau gidan wata 'yar uwarta tana rasa yadda za ta yi. Ana haka damina ta yi jinkiri, shuka ta fara lanƙwasa. In haka ta faru kuwa an san waɗanda ake ɗora wa laifi. Mai shela ya zaga ya ce duk macen da ke zaman kanta ta yi aure ko ta bar gari. Ranar da wa'adi ya cika aka tattaro matan a ƙofar gidan mai unguwa, kowacce da adudunta. Jama'a ta taru. Waɗanda suka fi kowa ɗaga murya da a'uzubillahi, in ka duba da kyau, ba sa bukatar a yi musu kwatancen gidan.

Mai unguwa, wani dattijo mai farin gemu, ya ce, "Wadda ke da mai ɗaukarta ta koma gefe. Wadda ba ta da kowa, ga hanya."

Ba wanda ya motsa. Hanatu ta sunkuya za ta ɗauki adudunta. Sai aka ga wata gajeruwar tsohuwa tana ture maza da gwiwar hannu, mutane na buɗa mata hanya, rabi don mamaki, rabi don wari.

"Ranka ya daɗe, waccan mai kunnuwan ɗiyata ce. Ni na haife ta. Ita ce ta farina. Sunanta Hanatu." Ta juya ta dube ta ido cikin ido. "Hanatu! Ke nake kira."

Wata tsohuwa a cikin taron ta dafe ƙirji. "Subhanallahi! Ta fari? Da bakinki? Duniya ta ƙare!"

"Iya, an sai da ita kamar akuya ba ki dafe ƙirji ba, sai don na kira sunanta?" Kulu ta koma ga mai unguwa. "Ranka ya daɗe, in kunka kore ta ina za ta? Kora ce ta kawo ta nan. Ka tambaye su ɗaya ɗaya, daga ina suka fito, wa ya fito da su."

Dattijon ya fara tambayar matan. Wata sakinta aka yi, gidan ubanta ya ƙi karɓarta. Wata mijinta ya tafi cin rani bai dawo ba. Amma da yawa labarinsu ɗaya ne: shekarar yunwa, baƙuwa mai fara'a, riƙo. Tun ana surutu har wurin ya yi tsit. Mai unguwa ya cire hula ya share gumi, ya ce yau ba mai fita gari. Ya sa a rubuta wa alƙali, a kuma aika garuruwan matan a nemi danginsu. Masu a'uzubillahi suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Ruwa kuwa sai da ya ga dama ya zo.

Hanatu ba ta rungumi uwarta ba. Ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce, "In na je, ba za a ɓoye ni a ƙuryar ɗaki ba. Kuma duk wanda ya tambaya, gaskiya zan faɗa masa."

"Ki faɗa. Wanda bai tambaya ba ni zan faɗa masa."

Dogo ya jawo jaki da sauri zai ɗora adudun. Hanatu ta riƙe hannunsa. "A'a, Baba Dogo. Jakin nan bai yi mini komai ba. Kai ka ba da ni, kai za ka ɗauka." Haka aka shiga Bungudu, Hanatu bisa jaki, Kulu na jan igiya, Dogo a baya da adudu a ka.

Ba a yi musu guɗa ba. Wasu mata suka daina sayen daddawar Kulu, wai ba su san hannun da ya taɓa ta ba. Ba su jima ba mazansu suka fara tambayar abin da ya sami miya. Tambaya kuwa ba a sake jin ɗuriyarta ba, wasu sun ce ta mutu, wasu sun ce ta yi gabas. Hanatu ta zauna, ta koyi dafa kalwa, daga baya ta auri wani mahauci da matarsa ta rasu. Har Kulu ta bar duniya ba ta ce mata Inna ba, Kulu take ce mata, su yi faɗa da safe su ci tuwo tare da rana.

Bayan girbin shekarar da Hanatu ta dawo, Kulu ta bi gidan maƙeri, da gidan marina, da na bakin gulbi, ta fito da uwayen nan uku, suna jan ƙafa suna rufe fuska. Ta sa Dogo gaba suka nufi ƙauyukan bayan duwatsun Tsafe. Sun samo Nana, da 'ya'yanta biyu. Lami an nuna musu kabarinta. Fatsuma kuwa, wani ya ce ya ga mai kama da ita a Funtuwa, sai Kulu ta ce wa Dogo ya ba jakai ruwa, gobe da sauran tafiya.