Neman Yaya Usmanu a Umdurman

Hajj Yusuf

Ana idar da sallar asuba na fito daga gidanmu a unguwar Hajj Yusuf, maigidana ya raka ni bakin titi. Tun da yaƙi ya raba mu ban ji muryar yayana Usmanu ba. Mu mun gudu Gadarif, shi ya ƙi barin Umdurman. Da muka dawo, wasu suka ce ya rasu, wasu suka ce an gan shi.

Yaya mai busa sarewa ne, irin ta ƙarfen nan. Yana saurayi aka tura shi Kyuba karatun injiniya, ya dawo da kiɗan jaz na mutanen can. Baba ya daɗe ba ya amsa gaisuwarsa. Amma da sarewar ya ci abinci a otal-otal na Khartum da gidajen biki, da ita ya yi mini kayan ɗaki.

Bahri

Raksha, keke mai ƙafa uku, ta sauke ni tasha, na shiga ƙaramar bas. A bakin gada sojoji suka tsayar da mu.

"Ina za ki, Hajja?"

"Neman ɗan'uwana."

Sojan ya dube ni, ya duba katin shaidata, ya miƙo mini. "Allah Ya sa ki same shi."

Umdurman

Da hantsi na isa gidansa. Babu ƙofa, ciyawa ta cinye tsakar gida. Na zauna a dakali. Wata maƙwabciya ta fito da kofin ruwa, na tambaye ta Yaya.

"Mai sarewa? Jiya ma ya ci ful, dafaffen waken nan, a gidanmu. Tafi kasuwa, layin maƙera."

A can na same shi a rumfar wani abokinsa, ya rame, gashi duk ya yi fari, yana goge butocin shayi. Ya daɗe yana kallona.

"Hauwa, ke ce kika tsufa haka?"

Na yi kuka, na yi dariya. Ya ce an kwashe komai na gidansa, har sarewar. Na ce ya tashi mu tafi gida.

"Sai bayan Alhamis. Akwai biki, an ara mini wata. Hannuna yana rawa, amma numfashi na nan."

Muka ci kisra, wainar dawa mai fale-fale, da miyar kuɓewa, ya raka ni tasha.

Ana kiran magariba na shiga gida, maigidana na tsaye a ƙofa.

"Yana nan," na ce. "A gyara masa ɗaki, Juma'a zai zo."

Alhamdu lillahi. Allah Ya saka wa maƙwabciyar nan da alheri, ko sunanta ban tambaya ba.