Ƙofar Bayan Motar Malam

Jama'a, yau saura ƙiris na sa a fasa motar marigayi Malam!

Tun da na shiga takaba take ajiye a bakin lungunmu. Da na fita yau, na hango hularsa a kujera, na so in ɗauko. Rimot ya ƙi, batir ya mutu. Makulli ma ya ƙi juyawa!

Ƙaninsa Sani ya ce, "Matar yaya, sai dai gilashi." Na ce fasa. Har ya ɗauki dutse!

Sai ga Hajiya, mahaifiyarsu. Ta ja ƙofar baya, ta buɗe!

Ta ce, "Ba ke ce kullum kike masa mitar ƙofar nan ba ta kulluwa ba? Gara da bai ji maganarki ba."

Na yi dariya har da hawaye. Hular tana hannuna, da sauran ƙamshin turarensa.