Rigar kamfani a Ƙofar Na'isa

Jama'a, yau na ga tashin hankali!

Ina dawowa daga ajinmu na yaƙi da jahilci, sai ga samari masu takalmin taya suna raba takardun tallan lemo. Ɗaya ya kama bayan adaidaita. Direba ya taka birki. Tim! Yaro ya faɗi.

Na ruga. Innalillahi! Ashe ɗana ne Sani, wanda na ɗauka yana shagon ɗinki.

Ogansu ya iso yana ihu, "Ku cire masa rigar kamfani kafin a ɗauki hoto!"

Na ce, "Malam, ƙafarsa fa ta karye!"

Sai da suka cire.

Yanzu muna asibiti. Sani yana kuka yana cewa, "Baba, ka roƙe shi kada ya ba wani rigata."